Hindi: Takobin Indiya Da Kakanninmu Suka Sani Tun Kafin Zuwan Silima



Abin da ya jawo wannan rubutu wani abu ne da ya faru a unguwarmu bayan Babbar Sallar da ta wuce. Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya aika a ɗauko masa takobin da ya gada wajen mahaifinsa, domin ya nuna wa wasu baƙi da suka zo masa gaisuwa. Aka shiga ɗaki aka duba bayan akwati inda yake ajiye shekara da shekaru, babu shi babu dalilinsa. Da aka matsa bincike sai ta bayyana cewa yaran gidan sun haɗa shi da tsofaffin kwanoni da wata matacciyar fanka sun sayar wa 'yan gwangwan tun kafin azumi. An ɗora shi a sikeli, an biya su kuɗin nauyinsa. Dattijon bai yi faɗa ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Kayya, ai ba irin namu na gida ba ne. Lanƙwasasshe ne, hindi ne." Duk waɗanda muke wurin muka dubi juna, domin babu wanda ya taɓa jin an kira takobi da wannan suna. Wani matashi ma ya ce, "Baba, irin na fim ɗin Indiya ke nan?"

Yaron nan bai yi kuskure ba, sai dai ya ɗauko zancen ta wutsiya. Lanƙwasasshen takobin da muke gani a hannun sarakuna da barade a finafinan Indiya, kakanninmu sun san irinsa, sun rataya shi, sun hau doki da shi, har sun raɗa masa suna tun ba a gina gidan silima ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun wannan takobi, daga inda ya taso har zuwa yadda sunansa ya shigo bakin Bahaushe, ko Allah Ya sa wanda ya rage a wani gida ya tsira daga sikeli.

TALWAR A ƘASARSA

A harsunan Hindi da Urdu, kalmar talwar na nufin takobi ne kawai, kowane iri. Amma masana kayan yaƙi sun keɓe sunan ga wani nau'i guda da ya yaɗu a ƙasashen da yanzu ake kira Indiya da Pakistan da Bangaladash, har zuwa Afganistan. Kaifinsa ɗaya ne, ruwansa a lanƙwashe kamar jinjirin wata amma ba can sosai ba, tsawonsa kuma bai kai mita ɗaya ba. Abin da ya fi bambanta shi da sauran takubba shi ne ƙotarsa. Duk ta ƙarfe ce. A gindinta akwai wani faffaɗan ƙarfe zagayayye kamar ƙaramin faifai, a samanta kuma wani gajeren ƙarfe ya gitta don kare yatsu. Galibi da wani irin danƙo mai kama da ƙaro ake liƙe ruwan takobin a cikin ƙotar, ya kama gam. Na masu hali akan yi wa ƙotar ado da zaren zinariya ko na azurfa da ake bugawa a jikin ƙarfen.

Wannan faifai na gindin ƙota yana da aikinsa. Yana matse hannu ya hana wuyan hannu lanƙwashewa, saboda haka mai riƙe da talwar ba ya sara irin na mai faskare. Jan takobin yake yi a jikin abin da ya sara, kamar yadda mahauci ke jan wuƙa a kan nama. Lanƙwasar ruwan ita ke taimaka masa, musamman idan yana kan doki a guje: kaifin ya shafa, ya yanka, ya wuce, ba ya maƙalewa balle ya fizgo mahayin daga kan sirdi.

Mutanen Indiya na dauri ba da wannan suka fara ba. Tsohon takobinsu, irin wanda suke kira khanda, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu. Lanƙwasasshen takobi ya shigo musu ne tare da mahaya dawaki na tsakiyar Asiya, Turkawa da maƙwabtansu, waɗanda suka kafa daular Musulunci a Delhi a 1206. Ya ƙara samun gindin zama bayan da Babur ya ci yaƙin Panipat a 1526 ya kafa daular Mughal. Maƙeran Indiya suka ɗauki siffar ruwan takobin baƙin nan suka haɗa ta da irin ƙotar da suka saba yi, sai ga talwar. Danginsa su ne shamshir na Farisa, wanda ya fi shi lanƙwasa, da kilij na Turkawan daular Usmaniyya. Daga nan Musulmi da mayaƙan Rajput da na Maratha da mabiya addinin Sikh duk suka rungume shi, kowa ya mayar da shi nasa.

Har gobe takobi na da matsayi a rayuwarsu. A bukukuwan auren Rajput da na Sikh ango kan fito riƙe da takobi. Mabiya addinin Hindu suna da rana a lokacin bikinsu na Dussehra da suke fito da makamai da kayan aiki su wanke su, su yi musu ado. Su kuwa Sikh, tun daga 1699 da shugabansu Guru Gobind Singh ya tsara musu ƙa'idojin jama'arsu, ɗaukar ƙaramin takobi da suke kira kirpan ya zama wajibi ga wanda ya yi mubaya'a. Don mu san darajar da irin waɗannan kaya suke da ita a duniya, a watan Mayun 2023 an yi gwanjon wani takobi na Tipu Sultan, sarkin Mysore da Turawan Ingila suka kashe a 1799, a birnin Landan a kan fam miliyan 14.

ƘARFEN HINDU

Sunan Indiya a harkar takobi ya girmi talwar nesa ba kusa ba, kuma daga ƙarfe ya samo asali. Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maƙeran kudancin Indiya da tsibirin Siri Lanka sun gano wata dabara. Sukan zuba gutsattsarin baƙin ƙarfe tare da itace da ganye a cikin 'yar tukunyar yumɓu, su toshe bakinta ruf, su jera tukwanen a wuta su yi ta zuga har ƙarfen ya narke ya shanye gawayin itacen. Sai a bar shi ya huce a hankali. Idan aka fasa tukunyar sai a tarar da dunƙulen ƙarfe kamar curin sabulu, mai tsananin tauri da riƙe kaifi. Idan gwanin maƙeri ya buge shi da wuta daidai gwargwado, sai wani zane ya fito a jikin ruwan takobin kamar ruwa yana gudana. Irin waɗannan curi aka riƙa kai wa Farisa da Sham ana ƙera takubban da Turawa suka sani da sunan takubban Dimashƙa. Ba kowane talwar ba ne aka yi da wannan ƙarfe, amma shi ne ya fito da sunan ƙasar.

Larabawa sun san wannan ƙarfe tun zamanin jahiliyya. Idan suna son yabon takobi sai su ce hindi ne, ko muhannad, wato wanda aka yi da ƙarfen Hindu, kuma daga nan sunan Muhannad da ake raɗa wa yara ya fito. Almajiran da suka karanta ƙasidar Banat Su'ad ta Ka'abu bin Zuhair a zaurukan malamanmu za su tuna cewa da irin wannan takobi ya kwatanta Manzon Allah (SAW). A ƙarni na 9 masanin nan Alkindi ya rubuta wa halifa Mu'utasim littafi sukutum a kan takubba da ire-iren ƙarfensu, kuma ya ambaci na Hindu a ciki. Shi ma Idrisi, a littafinsa na sanin ƙasashe da ya kammala a 1154, ya yaba wa mutanen Hindu a kan sarrafa ƙarfe, har ya faɗi cewa daga Sofala, a gaɓar tekun ƙasar Mozambik ta yanzu, ake kai musu baƙin ƙarfe. Ke nan akwai takubban Hindu da ƙarfensu daga Afirka ya tafi.

A lura da wani abu a nan. Takubban Larabawa na farkon Musulunci miƙaƙƙu ne. Lanƙwasa ta yaɗu a ƙasashen Musulmi ne daga baya, a hannun Turkawa da Farisawa. Saboda haka kalmar hindi ta fara ne a matsayin yabon ƙarfe. Amma a lokacin da ta zauna a bakin Bahaushe, sunan lanƙwasasshen takobi ce.

NAMU NA GIDA

Mu ma ba baƙi ba ne a sana'ar ƙarfe. A Taruga, kudu maso gabas da birnin Abuja, masanin tonon tarihi Bernard Fagg ya haƙo murhunan narkar da tama a shekarun 1960, waɗanda aka tabbatar sun yi aiki ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gindin Dutsen Dala ma an samu irin wannan shaida, kuma tarihin Kano kansa ya fara ne da maƙera. Ƙira sana'a ce mai sarauta a wurinmu, akwai Sarkin Maƙera, akwai maƙeran baƙi masu garma da gatari da makami, akwai maƙeran fari masu kayan ado.

Takobin da Bahaushe ya fi sani miƙaƙƙe ne mai faɗi, kaifi biyu, ɗan uwan takobar Buzaye. Ana sa shi a kube na fata, aikin dukawa, a rataya shi a kafaɗa da hamila, saɓanin Turawa da suke ɗaura nasu a ƙugu. Ita kanta kalmar hamila daga Larabci muka samo ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan ruwan waɗannan takubba a ƙarni na 19 daga waje ake kawo su. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a kowace shekara zuwa kasuwar Kano, galibinsu ƙirar garin Solingen na Jamus. Fatake ke ratso Sahara da su a kan raƙuma. A Kano ake sa musu ƙota da kube, sannan a sake bazuwa da su ƙasashen maƙwabta. Wanda ya duba tsohon takobi da kyau yakan ga wasu 'yan alamomi a jikin ruwan, kamar jinjirin wata biyu ko wasu layuka, kuma da irin waɗannan alamomi masana suke gane inda aka ƙera shi.

Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa kan yaƙi a Daular Usmaniyya ta Sakkwato da ya fito a 1977, ya tattara sunayen takubban da mayaƙanmu suka yi amfani da su. A cikin miƙaƙƙu ya kawo irin su fate-fate da tamogashi da zabo. Sannan ya ce akwai lanƙwasassu masu kaifi ɗaya, waɗanda ba su kai miƙaƙƙun yawa ba, kuma barade ne suka fi riƙe su. A nan ya ambaci bisalami ko almulku, da hankatilo wanda ya danganta da Barno, da kuma hindi, wanda ya ce ga alama asalinsa daga Indiya ne. Ashe dattijonmu ba ƙirƙirar sunan ya yi ba, gadonsa ya yi tare da takobin.

Akwai ma wani suna mai ban sha'awa, lafaranji, wanda kunne kaɗai ya isa ya ji kalmar Larabci ta Faranji a cikinsa, wato Turawa. Mutanen Indiya su ma suna da takobin da suke kira firangi, wanda ruwansa daga Turai ake kawowa su sa masa ƙotarsu. Maƙerin Kano da maƙerin ƙasar Maratha ba su taɓa ganin juna ba, amma sana'a iri ɗaya suke yi, kuma da kalma ɗaya suke kiran kayan.

Hanyoyin da suka haɗa mu da kasuwannin gabas sanannu ne. Akwai ta Tarabulus zuwa Ghadames da Ghat da Agadas har Kano. Akwai ta Fezzan da Bilma zuwa Barno, wadda ta ita Mai Idris Alooma ya ƙulla hulɗa da Turkawan Istanbul a ƙarni na 16 har ya samu masu bindiga. Akwai kuma hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ta ratsa Barno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya. A Jidda da Makka da Alƙahira kayan Indiya ba baƙi ba ne, domin jiragen ruwa na kawo tufafi da kayan yaji da turare da ƙarfe kowace shekara. Alhajin da ya shekara biyar ko goma a hanya, yana tafe yana fatauci, ba da ruwan zamzam kaɗai yake dawowa ba. Ba dole ne kowane takobin da Bahaushe ya kira hindi ya kasance an ƙera shi a Indiya ba, kamar yadda ba kowane yadin da muke kira shadda ba ne ya fito daga masaƙa ɗaya. Amma sunan shaida ne cewa kakanninmu suna cikin kasuwar duniya tsundum, sun san na ƙwarai, sun san inda yake fitowa.

TAKOBI DA SARAUTA

A wurin Bahaushe takobi ya wuce makami. Labarin kafuwar Hausa Bakwai kansa a kan kaifi ya tsaya: Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, kuma har yanzu fadar Daura na ajiye da takobin da ake dangantawa da shi. A Katsina akwai Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, mai rubutun Larabci a jikinsa, wanda yake cikin manyan kayan sarautar Katsina. Masanin nan A. D. H. Bivar ya yi nazarin waɗannan takubba a littafinsa na 1964 kan kayan yaƙin Arewa. A ƙasar Zazzau kuwa akwai ruwayar da ta shahara cewa sunan Zazzau kansa sunan wani takobi ne da mutanen ƙasar suke girmamawa.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. A shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Musa suka ci Zariya. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa da abin da ya iya ɗauka na kayan sarauta, ya sauka a Zuba wurin Koro, nan kusa da mu. Makau ya rasu a fagen yaƙi a wajen Lapai a 1825. Ƙaninsa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan masarauta ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa a 1902. Daga baya, da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, sabon birnin ya karɓi sunan Abuja, tsohon garin kuma ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau Sarkin Zazzau Suleja ake kiran sarkin.

Saboda haka ƙasar nan da muke zaune a kanta, tsakanin Zuba da Gwagwalada, ta ga dawaki da barade, ta ga fatake da ayari. Koro da Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin suna da nasu maƙera da nasu makamai da nasu tarihin. Mu kuma da yawanmu iyayenmu sun zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, kowa da abin da ya ƙunso a buhunsa. Ba abin mamaki ba ne a samu tsohon takobi a bayan akwati a Tungan Maje.

RANAR DA TAKOBI YA AJIYE AIKI

Bindiga mai ruwan harsashi ce ta kawo ƙarshen zamanin takobi, a can da nan. A Indiya, bayan boren 1857, Turawan Ingila sun bi gari gari suna karɓe makamai, sannan a 1878 suka kafa dokar da ta hana 'yan ƙasa riƙe makami sai da izini. Takobi ya koma kayan fada da na biki.

A nan ma haka aka yi, kuma mutumin da ya jagoranci aikin, Lugard, a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, a can kuma ya fara aikin soja. A Lokoja, inda titin nan da ya ratsa ta gabanmu yake kaiwa, ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairun 1900. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903. A ƙarshen watan nan, a kusa da Kwatarkwashi, barade ƙarƙashin Wazirin Kano Ahmadu suka yi ta kai hari da takobi da mashi a kan 'yan tsirarun sojoji masu bindiga, harsashi ya hana su isa, Waziri ya rasu a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin shekarar. Ba jarumta ce ta gaza ba, zamani ne ya juya.

Daga nan takobi ya koma ado a ranar hawa. Hawan Sallah namu ne tun fil azal, ana danganta tsarinsa a Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma kalmar daba da muke cewa Hawan Daba, ita ma daga Indiya ta biyo Turawa. Asalinta darbar, kalmar Farisanci mai nufin fadar sarki, kuma da ita Turawa suka kira manyan tarukan da suka yi a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Suka kawo tsarin nan, suka tara sarakunanmu a Kano a 1925 don Yariman Ingila, da Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Duk wanda ya tsaya ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun ja linzami a gaban sarki sun ɗaga takubba suna jinjina, ya ga abin da ya rage na wancan zamani.

SANNAN FIM YA ZO

Tun daga shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa, kuma kowa ya san yadda suka shiga ranmu. Iyayenmu da suka yi layi a Plaza ko Orion ko Marhaba a Kano sun ga talwar a Mughal-e-Azam na 1960 da Dharam Veer na 1977. Na bayansu sun gan shi a Jodhaa Akbar na 2008, yaranmu kuma suna ganinsa kullum a fassarar Hausa a wayoyinsu. Ta haka talwar ya sake shigo mana karo na biyu, amma wannan karon a matsayin baƙo, domin kafin ya dawo mun riga mun manta sunan da muka ba shi. Yaron da zai iya lissafa maka jaruman Indiya ashirin bai san bisalami ba, bai san hankatilo ba, bai san hamila ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu ne ba mu zaunar da shi mun gaya masa ba.

Akwai kuma wata asara da ta fi wannan ciwo. A da takobi yana ƙarƙashin doka: sarki ke ba da shi, ubangida ke rataya wa baransa, ba a zare shi a kasuwa, ba a zare shi a kan mace ko yaro. Yau idan aka ga matashi da takobi a lungu, gudu ake yi. 'Yan daba da 'yan sara-suka sun ɓata sunan abin da kakanninmu suke rantsuwa da shi, har ta kai wasu gidaje suna gaggawar rabuwa da na gado don tsoron kada a same shi a wurinsu. Muna jan kunnen matasanmu da babbar murya: yawo da makami laifi ne a dokar ƙasa, kuma ba shi da alaƙa da gadon da muke magana a kai. Wurin takobin gado cikin ɗaki ne, a hannun babba.

ABIN DA MUKE ROƘO

Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ba muna cewa kowane tsohon takobi zai yi kuɗin na Tipu Sultan ba ne, mafi yawansu ba su da wani farashi a kasuwa. Darajarsu tana cikin labarin da ke tare da su, kuma wannan labari yana bakin dattawan da suke barinmu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane gida da ke da tsohon takobi, ko mashi, ko sulke, ko kwalkwali, ko tsohon sirdi.

Da farko a zauna da babban gida a tambaye shi: na wane ne, daga wane gari aka zo da shi, da wane suna ake kiransa, wace sarauta ko wane yaƙi ake dangantawa da shi. A ɗauki muryarsa a waya, a kuma rubuta a takarda a ajiye tare da kayan. A ɗauki hoton takobin gaba ɗayansa, sannan a matso a ɗauki ƙotar da duk wata alama ko rubutu da ke jikin ruwan.

Na biyu, kada a kai shi wurin mai wasa wuƙa ko mai walda don a fito da ƙyallinsa. Injin gurza ƙarfe yana share alamomin da ake gane asalinsa da su, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. A share ƙura da busasshen tsumma, a shafa masa ɗan man keken ɗinki a jikin ruwan, a ajiye shi inda babu danshi, domin damunar Abuja ba ta raga wa ƙarfe. Kada a yar da tsohon kube ko hamila don sun tsufa, su ma aikin hannun dukawanmu ne.

Na uku, a yi hattara da masu yawo gida gida suna neman tsofaffin kaya. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, gara ya nemi shawarar hukumar, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, ko ya tuntuɓi gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano, ko ya kai maganar fadar sarkinsa.

Takobin dattijonmu dai ya tafi. Mun bi sawunsa wurin masu sayen ƙarfe, suka ce kayan wancan lokaci an daɗe da lodinsu a mota. Da muka koma muka shaida masa, sai ya ce mu samo takarda. Ya faɗa mana sunan kakansa da ya fara riƙe takobin, da garin da suka taso, da yadda ƙotar take da faifai a gindinta, muka rubuta. Takardar tana hannun babban ɗansa yanzu. Duk mai irin wannan kaya a gidansa, ko wanda ya taɓa jin wani sunan takobi da ba mu ambata a nan ba, ya sanar da shugabannin ƙungiya a taronmu na wata mai zuwa, mu haɗa su wuri ɗaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.